Zaiba a Ƙasan Rafi

An yi wani mutum a garin nan namu na Minna. Ba zan kama sunansa ba, domin yana da 'ya'ya a raye, kuma ba tonon asiri ne ya tara mu ba. Wasunku sun san shi. Wanda ya gane shi ya yi shiru, ya yi masa addu'a.

Kakansa aikin reluwe ne ya kawo shi daga Kano, ya zauna a unguwar Kwangila. Ubansa tela ne. Shi kuwa injin niƙa ya kafa a unguwar Maitumbi, yana niƙa masara da dawa da busasshen rogo, shekara goma sha biyar. Ba ya shan komai, ba ya caca, ba a taɓa jin ya ɗaga wa matarsa hannu ba. A sahun farko yake sallah. Ina faɗa muku wannan ne, ya 'yan uwa, don kada wani ya zauna yana jiran labarin fasiƙi, ya ce a ransa ai ni ba haka nake ba. Mutumin nan kamar ku yake. Kamar ni yake.

Da aka soma haƙar zinari a dazuzzukan da ke bayan garin Gwada, sai ya lura masu haƙar suna neman inda za a niƙa musu dutse. Shi kuma ya san inji ciki da waje. Ya sayi manyan injuna biyu, ya nemi fili a bakin wani rafi, ya kafa rumfa, ya ɗauki ma'aikata. Dole sai bakin rafi, domin aikin ba ya yiwuwa sai da ruwa mai yawa.

Bari in gaya muku yadda ake yi, don wanda bai taɓa gani ba. Ana niƙa dutsen ya zama gari. A wanke garin a kan katako mai gangara, laka ta tafi, mai nauyin ya zauna. Sai a kwashe wanda ya zauna a zuba a kwano, a ɗiga masa zaiba. Zaiba wani ruwan ƙarfe ne mai ƙyalli, kamar narkakkiyar azurfa, in ta zube a ƙasa sai ta tarwatse ƙwallo-ƙwallo. Ita ce take kama zinarin. A cakuɗa da hannu, a matse a tsumma, a sami ɗan curi. A ƙona curin a wuta, zaibar ta tashi hayaƙi, zinarin ya rage.

To ruwan kwanon fa? Da lakar da aka wanke? Da baƙin man da ake juyewa daga inji? Duk rafi ake turawa. Kullum, tun safe har la'asar.

Rafin nan ba babba ba ne, amma yana da gurabe masu zurfi da ba sa ƙafewa ko da rani. Ƙauyuka uku ne suke sha daga gare shi. Makiyaya suna shayar da shanu. Akwai kuma wani masunci Banufe, Ndagi, wanda ya fi shekara ashirin yana kamun kifi a wurin. Tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, duk yana samu. Abin da ya kama wata mata ce take saye, sunanta Magdalina, 'yar ƙauyen ƙasa. Ta yi banda, ta kai kasuwar Gwada, ragowar kuma su ci a gida.

Shekarar farko ruwan ya koma ja, daga baya ya koma ruwan toka. Laka ta rufe tsakuwar da kifi yake zuba ƙwai. Gurbin da a da yake shanye mutum a tsaye ya dawo iya gwiwa. Ƙaguwa ta ɓace. Zalɓen da suke tsayawa a gaɓa suka daina zuwa.

A shekara ta biyu, bayan mutumin ya dawo daga aikin hajji, Ndagi ya zo rumfar da rana tsaka, riƙe da tarwaɗa guda. Ya buɗe kumatunta ya nuna masa. Laka ce cunkushe a ciki.

Ya ce, "Alhaji, duba. Kifi ba ya iya numfashi. Jiya na kwashe fiye da goma a saman ruwa, duk matattu. Ni ban ce ka bar aikinka ba. Ka haƙa rami can nesa da rafi, ruwan wanki ya riƙa kwanciya a ciki."

Mutumin ya sa aka kawo wa Ndagi lemon kwalba. Ya ce, "Baba Ndagi, ruwa ai tafiya yake yi. Damina ɗaya za ta wanke komai. Ka yi haƙuri."

Ndagi ya ajiye lemon bai sha ba, ya ɗauki kifinsa ya tafi.

Ya 'yan uwa, zuwa nan mai neman yi masa uzuri zai iya cewa bai sani ba. To ku saurari abin da ya biyo baya.

Akwai wata ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin yankin, sunanta Kafayatu. Ita ce ta lura ma'aikatan rumfar suna yawan zuwa mata da ciwon kai da dasashi mai jini. Ba aikenta aka yi ba, ita ta hau babur ta zo da kanta. Ta zauna a kan benci ta yi masa bayani dalla-dalla, a gaban mutane. Ta ce zaiba ba ta ruɓewa, ba ta narkewa ta ƙare. Ƙasan ruwa take sauka ta kwanta cikin laka. Ƙananan halittun da ke cikin lakar su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su, babban kifi ya ci ƙarami, mutum ya ci babban. Duk wanda ya ci na ƙasa da shi sai ta ƙara taruwa a jikinsa. Ba a ganinta a nama, ba a jin ta a baki, wuta ba ta kashe ta. Ta ce ta fi illa ga mai ciki da abin da ke cikinta. Sannan ta ce hayaƙin da ake shaƙa wurin ƙona curin shi ma guba ne, kada a kuskura a yi shi a cikin ɗaki.

Ya saurare ta har ta gama. Ya yi mata godiya. Ya raka ta har bakin hanya.

Da ya koma gida ranar, ya kira matarsa Lailatu ya ce, "Daga yau kada a sake sayen bandar Gwada a gidan nan. In kuna son kifi a sayo na ƙanƙara."

Ta ce, "Lafiya, Alhaji?"

Ya ce, "Haka dai na ce."

Kun ji? Ya yarda da maganar. Ya yarda da ita har ya kare tukunyar gidansa. Amma washegari injuna suka tashi yadda suka saba, ruwan kwano ya gangara inda ya saba gangarawa. Rami bai haƙa ba. Magdalina bai aika mata da ko kalma ɗaya ba. Mene ne sunan wannan a wurin Allah? Mutum ya san abu guba ne, ya hana iyalinsa, ya bar wa iyalin wani?

Daga baya na tambaye shi abin da yake ji a ransa a lokacin. Ya ce, "Malam, ba na jin komai. In na tuna sai in ce gobe." Ba wai ya ƙi mutanen ƙauyen ba. Ba ya ganinsu ne kawai. Rafin yana yin kwana a bayan wani dutse kaɗan ƙasa da rumfarsa, kuma duk abin da ya wuce dutsen nan ya fita daga tunaninsa.

Maganar hayaƙi kuwa bai ɗauke ta ba, saboda ita tana da wuya a gare shi. Ba ya yarda kowa ya ƙona masa curin, yana tsoron a rage masa. Gida yake kawowa. Akwai wani ɗan ɗaki jikin ɗakin Lailatu, a nan yake rufe ƙofa da taga don kada maƙwabta su gani, ya hura gawayi, ya ɗora curin a kan cokali. 'Ya'yansu sun girma sun bar gida, su biyu ne kawai. Ita take share ɗakin. Ita take wanke tsumman.

Haka aka yi shekara shida.

A cikin shekarun nan ya rushe gidan ƙasa ya gina na bulo. Ya sa wa masallacin unguwarsu tayil, mutane suka yi ta sa masa albarka. A cikinsu kuma Ndagi ya naɗe tarunsa ya bar yankin, ba wanda ya san inda ya nufa. Wani makiyayi ya zo ya yi ƙorafin shanunsa suna ɓari, aka ba shi haƙuri, ya kora garkensa gaba. Mutanen ƙauyuka suka koma tonon ƙananan rijiyoyi a gefen rafin, amma ruwan ɗaya ne. Kifin da ya rage, tarwaɗar da take jure laka, yaran ƙauye da manyansu suka ci gaba da kamawa da ƙugiya suna ci, don ba su da wani nama.

Abin ya fara masa ne da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Sai dasashi ya soma jini. Sai ya ga in ya ɗauki kofin shayi yana zuba a rigarsa. Ya ce gajiya ce. Sai maɓallin riga ya gagare shi. Ya soma mantuwa, ya tsaya a sallah bai san raka'a ta nawa yake ba. Mutum mai sanyin hali ya koma yi wa ma'aikata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, in ya gama kuma ya zauna shiru kamar ba shi ba. Daga nan yatsunsa suka mutu. Wata rana gawayi ya ƙona masa babban yatsa, bai sani ba sai da ya ji ƙauri.

Lailatu kuwa ƙafafunta ne suka kumbura, sannan fuska. Ta ɓoye masa har ta kasa sa takalmi. Da aka kai ta asibiti likita ya ce ƙodarta ta lalace, duka biyun. Ya tambayi sana'ar maigida. Da aka gaya masa, ya dubi hannun mutumin da ke rawa a kan gwiwarsa, ya ce, "A ina kake ƙonawa?"

Ya ce, "A gida."

Likitan ya ci gaba da rubutu.

Wata tara ana yi mata wankin ƙoda. Injunan aka sayar, sannan motar. Wata rana suna dawowa daga asibiti a keke napep ta ce masa, "Alhaji, ashe ka sani?" Ya ce eh. Ta ce, "To." Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu.

Ina wurin jana'izar. Na ga mutumin a tsaye bakin kabari, ana zuba ƙasa, fuskarsa kamar ta wanda yake jiran mota. Mutane suka ce tawakkali ne. Ba tawakkali ba ne. Shi da bakinsa ya gaya mini ya yi ta neman kuka a cikin ƙirjinsa bai samu ba.

Bayan sadakar arba'in ya zo wurina, da hantsi, a zauren nan na bayan masallaci. Da ƙyar ya cire takalmi. Ya ba ni labarin nan duka, tun daga Ndagi, da murya ɗaya, ba ta hawa ba ta sauka. Sannan ya ce, "Malam, ina son in tuba. Yaya ake yi?"

Na gaya masa abin da kuka sani. Ka bar laifin, ka yi nadama, ka ƙudura ba za ka koma ba. In kuma da haƙƙin wani a ciki, ka mayar masa ko ka nemi ya yafe.

Ya ce, "Haƙƙin wa?"

Wanda ya saci akuya ya san mai akuya. Wanda ya ci amanar maraya ya san marayan. Wannan fa? Rafin yana faɗawa wani kogi. Kogin yana faɗawa Kwara. Kwara ya ratsa garuruwan da ni da shi ba mu taɓa zuwa ba, har ya kai teku. Wa ya sha? Wa ya ci? Wace mai ciki ce ta sayi banda a tasha don kwaɗayi ta ci a mota? Su kifayen da ƙaguwar da tsuntsayen, da Allah Ya halitta suna tasbihinsu a wurin tun kafin a haifi kakansa, wa zai je ya nemi yafiyarsu?

Na ce masa mu fara da waɗanda za a iya samu.

Muka hau mota zuwa Gwada ranar da ba kasuwa, daga nan muka hau babura. Rumfar ta rushe, sai turaku. Rabon da a yi wanki a wurin ya kusa shekara, ruwan ya ɗan washe a sama. Na tsoma sanda, ta nutse cikin laka mai santsi har rabinta. Ba motsin komai. Na tsaya na kasa kunne ko zan ji kwaɗo, ga shi damina ce, ban ji ba.

Muka tambayi Ndagi. Wani ya ce ya ji yana wajen Wushishi, wani ya ce ya rasu. Makiyayin ba wanda ya ma tuna sunansa. Magdalina kaɗai muka samu. Ta bar sana'ar kifi, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Kusa da ita a kan tabarma akwai wata yarinya kwance, jikarta, shekararta biyar. Ba ta zama sai an tallafe ta. Ba ta magana. Idanunta a buɗe, ba sa bin komai. Uwarta ta tafi gona.

Ba zan tsaya a kan mumbari in rantse muku cewa zaibar mutumin nan ce ta yi wa yarinyar haka ba. Ba wanda ya auna jininta. Allah ne Masani. Abin da na sani shi ne uwarta tarwaɗar rafin nan ta ci tun daga farkon cikin har ƙarshensa, kuma shi ya san abin da Kafayatu ta ce game da masu ciki.

Ya durƙusa a ƙasa. Ya ce, "Mama, ni ne mai injin."

Ta ce, "Na san ka, Alhaji."

Ya ce, "An gaya mini kifin yana da guba. Tun shekara shida kafin in bari. Na hana gidana ci, ban gaya muku ba. Na zo ki yafe mini."

Ba ta daina ɓarar gyaɗar ba. Sannan ta ce, da irin Hausarta, "Da ka aiko mutum ɗaya. Ko a kasuwa ka faɗa mini. Ni zan bari." Ta kori ƙuda daga bakin yarinyar. Ta ce, "Nawa na yafe, don Allah. Na wannan kuma ka tambaye shi da kanka."

Ya juya ya dubi yarinyar. Ya buɗe baki. Ban san ko ya yi niyyar tambayar tata da gaske ba. Yarinyar tana kallon sama. Mun fi minti goma a haka, ba abin da ake ji sai ƙarar ɓawon gyaɗa. Daga baya na kama kafaɗarsa na tashe shi, muka yi sallama muka fito.

Da muka shigo Maitumbi sai ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam, nadamar da ka ce, dole sai mutum ya ji ta a zuciya?" Na ce masa zuwan da ya yi ma alama ce, kuma rahamar Allah ta fi laifin kowa faɗi. Gaskiya na faɗa masa. Amma ban ce masa an karɓa ba, don ban sani ba.

Ya ƙara wata bakwai a duniya. Ɗansa na fari ya ɗauke shi zuwa gidansa, ana ba shi abinci a baki. Ya rasu kafin azumin da ya wuce.

Ya 'yan uwa, na san yawancinku ba ku taɓa riƙe zaiba ba. Amma kada ku yi saurin wanke kanku. Makanike, ina kake juye baƙin mai? Mai gida, me ya sa sai hadari ya haɗu kake buɗe masai ya bi lambatu? Manomi, a ina kake wanke tankin feshi? Ku da kuke watsa maganin ƙwari a gurbi don ku kwashi kifi a yini ɗaya, wa kuke sayar wa? Matan da ke jiran ruwan sama su tura masa shara da leda, ina kuke zaton yake kai su? Duk lambatun garin nan rafi yake nufa, kuma a ƙasan kowane rafi akwai mai tulu.

Addinin da ya hana ka yin bawali a ruwan da mutane suke amfani da shi, kana zaton zai ƙyale ka ka zuba masa guba? Muna kiyaye tsarkin ruwan buta, mu duba launinsa, mu sansana, kada alwala ta ɓaci. Ruwan da wani zai ba jaririnsa kuma ba ruwanmu da shi.

Akwai zunubin da yake mutuwa tare da mai shi. Akwai wanda yake ci gaba da aiki bayan an binne shi. Mutumin nan yana kabarinsa yau, zaibar da ya zuba tana kwance inda ya bar ta, masana sun ce za ta fi jikokinsa daɗewa. Duk damina ruwa zai motsa lakar ya ɗebi kaɗan ya yi gaba da ita.

Injunan nan biyu kuwa na tambayi inda suke. Wanda ya saya ya kafa su a bakin wani rafin, wajen Beji. An ce mini suna aiki har yau, kuma shi ma mutumin kirki ne.

Ya Allah, kada Ka bar zukatanmu su mutu alhali muna tafiya a kan ƙafafunmu. Ka nuna mana waɗanda muke cutarwa tun muna iya bari. Ka ji ƙan Lailatu, Ka sauƙaƙa wa yarinyar nan da kakarta, Ka yi wa bawanKa hukunci da rahamarKa ba da aikinsa ba. Kada Ka tashe mu ranar hisabi a gaban mutanen da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba suna neman haƙƙinsu a wuyanmu. Allah Ya kiyaye mu, Ya kiyaye bayinSa daga hannayenmu. Amin.